Shafin da Ban Karanta Mata Ba

Na Allah ne mu, kuma gare Shi ake komawa. Ranar Talata da hantsi Habboba ta riga mu tafiya. Ta rasu a ɗakinta da ke hawa na huɗu a unguwar Hay el-Sabi' ta birnin Alƙahira, a kan gadon ƙarfen da ta ƙi yarda a canza mata, rediyonta a kunne, shayinta ko hucewa bai yi ba. Habboba kalmar mutanen Sudan ce, kaka ke nan, kuma da ita kowa ke kiranta, tun daga mu ɗaliban da muka zo karatu daga Najeriya da Nijar har zuwa mai gadin gidan.

Kafin azahar matattakala ta cika. Maƙwabciyarta Bamisriya, wadda suka shekara goma suna faɗa a kan igiyar shanya, ita ta fi kowa kuka. Ta zauna a bakin ƙofa tana tambayar wa zai ƙara zaginta da safe. Matan Sudan sun shigo a jere cikin fararen mayafai suna rungumar duk wadda suka tarar. Ɗalibai mata kuwa mun rasa abin yi, sai muka shiga wanke kofunan da aka riga aka wanke. Can sai ga wani dattijo Ba'indiye mai shuɗin rawani da farin gemu, ya taso tun daga unguwar Ma'adi. Ya cire takalmi, ya ƙi kujerar da aka miƙa masa, ya zauna a ƙasa cikin maza yana share hawaye da bayan hannu. Samarinmu suka yi ta satar kallonsa, suna tambayar juna da ido me ya haɗa shi da tsohuwarmu.

Na ji wani daga cikin manyan maza yana tambayar wanda zai zauna ya karɓi gaisuwa. Sai wani ya ce ai baiwar Allah ba ta da kowa. Maganar ta soke ni, don na san tana da ɗa, na kuma san shekara arba'in da wani abu tana jiran ta ɗora hannu a kansa. Ban san inda yake ba, ko sunansa ban sani ba.

A lokacin ne mijina ya miƙo mini takardar izinin binnewa in riƙe masa. Na duba, na ga sunanta na yanka a rubuce. Shekara bakwai ina hawa wannan bene, ban taɓa sanin sunan ba, don wa zai dubi tsohuwa ya tambaye ta sunanta? Ina gama karantawa na sake komawa kansa. Na taɓa jin sunan nan sau ɗaya, kuma na tuna bakin da na ji shi. Amma bari in fara faɗin ko wace ce ita, don ita na zauna rubutawa, ba laifina ba, ko da yake ba su rabuwa.

An haife ta a wani ƙauyen Hausawa a wajen Sinnar ta ƙasar Sudan, jikar mutanen da suka taso hajji da ƙafa suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Hausarta irin ta da ce, mai nauyi, ta sha gishirin Larabci. Idan na ce mata "firij" sai ta ce in yi magana kamar 'yar mutane. Ta zo Alƙahira tana da sauran ƙarfi, ta yi aiki sama da shekara ashirin a Ma'adi, a gidan wasu Indiyawa mabiya addinin Sikh, waɗannan da mazansu ke naɗa rawani kuma ba sa aske gashi. Aikinta kula da uwar mai gidan, wata tsohuwa da ƙafa ta daina ɗauka. Dattijon da ya zo gaisuwa shi ne mai gidan.

Tsohuwar nan ba ta da Larabcin kirki, Habboba kuma ba ta jin yarensu, amma sai da suka san yadda suka yi. Akwai hotunan zane a bangon ɗakin, na sarakunansu na ƙasar Punjab, wasu mata ne a kan doki. Kullum idan Habboba tana shafa mata mai a ƙafa, tsohuwar ta nuna hoto ɗaya ta ba da labarinsa, da guntun Larabci, da hannu, da ido. Habboba ta kwashe, ta dafa su a tukunyarta, suka fito da Hausa. Ba ta riƙe sunan ko ɗaya ba. A wurinta akwai surukar sarki, akwai uwar sarki, akwai ƙanwar sarki da ta ja runduna ta ceci ƙasar wanta sannan ya juya mata baya. Ni da nake taƙama da ɗakin karatu na taɓa zuwa na bincika don in kama ta da ƙari. Na dawo jiki a sanyaye, don ƙashin labarin duk yana nan a littattafai, nama kawai ta ƙara.

Labarin surukar sarki take bayarwa idan ta ga mace ta zauna tana kukan an cuce ta. An kashe mijin matar a fagen yaƙi tana da ƙuruciya. Maimakon ta shige ɗaki, sai ta karɓi ragamar mayaƙan gidan mijinta. Ta dubi gidan da aka yi yaƙin da su, ta ga suna da ɗa ƙarami mai ido ɗaya, ta ƙulla aurensa da 'yarta, gaba ta koma surukuta. Ita ta riƙa ba shi shawara, ita ta hau doki da dakarunta suka shiga birnin Lahore tare, har ya zama sarkin da ƙasar duka ke tsoro. Idan ta zo nan sai Habboba ta tsaya ta kurɓi shayi, ta bar mu mu yi murna. Sannan ta ce da ya ƙoshi da mulki sai ya ga surukar ta yi masa tsawo, ya sa aka tsare ta, ya karɓe ƙasarta, a tsare ta mutu. Wata rana wata ɗaliba ta tambaye ta to mene ne ribar wahalar.

"Ribar?" in ji ta. "Birnin ya buɗu ko bai buɗu ba? Ke dai in za ki yi aiki ki yi, kada ki tsaya jiran na gode."

Mun ga wannan magana da idonmu lokacin da yaƙi ya ɓarke a Khartoum, mutane suka fara sauka daga motocin Aswan, garin da ke hanyar Sudan, da jaka ɗaya a hannu. Manyan mazanmu suka kira taro a falon wani, aka yi sati biyu ana gardamar wa zai zama shugaba, wa zai zama ma'aji. A zama na uku Habboba ta sa aka riƙe mata hannu, ta ɗaga labulen da ya raba mu da su, ta shiga tsakiyarsu da sandarta. Ta ce ta ji an naɗa shugaba, tana taya murna, amma akwai mata goma sha da 'ya'yansu a bakin tashar jirgin ƙasa tun jiya, ko shugaban zai faɗa mata a gidan wa za su kwana? Babu wanda ya ɗaga kai. Nan take ta rarraba su, ta ce gidan wane mutum uku, gidan wane biyu, ɗakin ɗalibai mata huɗu, kuma wanda bai yarda ba ya faɗa yanzu a gaban jama'a. Aka watse ana gunaguni, amma kowa ya je ya share ɗaki.

Daga nan tukunyar Juma'a ta samo asali. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci ana tuƙa tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa, duk baƙon da ya sauka a satin ya zo ya ci. Doka ɗaya ta kafa, kowa a ƙasa zai zauna. Ta ce a gidan Ma'adi ta gani, a wurin ibadarsu sarki da mai shara a tabarma ɗaya suke ci. Ranar da shugaban kwamiti ya zo da kujerarsa ta roba, aika masa ta yi cewa kujerar za a zuba wa ko shi. Bayan wata shida, da aikin ya yi suna, kwamitin ya buga takarda ya jera sunayen waɗanda suka kafa shi, babu ita a ciki. Na hau sama ina huci na karanta mata. Ta yi dariya har da tari, ta ce ai ita ta ci riba, ba a tsare ta ba.

Idonta ya riga ya tafi a lokacin, gwiwa ma ta ƙi, ba ta saukowa. Miyar dai sai an kai mata a ludayi ta ɗanɗana, ta ce a ƙara daddawa ko a rage wuta. Da farko maza na hawa su gaishe ta. Mu ɗalibai ne muka ce bai dace ba, mata na sama, a bar maza a ƙofar gida. Ni na fi kowa ɗaga murya a kan haka, kuma ta bar mu. Sai ta ba ni aiki. In zauna a bakin ƙofa da littafi, duk wanda ya zo in rubuta sunansa da na mahaifinsa da garin da ya baro da lambar wayarsa, bayan la'asar in hau in karanta mata ɗaya bayan ɗaya. Ta ce so take ta yi wa kowa addu'a da sunansa. Takan zauna a bakin gado, ta karkato da kunnenta na dama, in na faɗi suna ta ce, "Allah ya tsare," in wuce na gaba. In na rufe littafin sai ta ce, "Shi ke nan?" In ce shi ke nan. Ta ce khalas, a kawo shayi. Na ɗauka addu'ar ce kawai, ban gane suna ɗaya take saurare ba.

Ba zan manta da abin da ta yi mini a shekarata ta biyu ba, lokacin da na yi ɓari, mijina yana Najeriya, ba ni da kowa. Ta sa aka kawo ni ɗakinta, ta bar mini gadon ƙarfen ta koma tabarma da tsofaffin ƙasusuwanta. Kwana tara tana dama mini kunu, tana gasa mini jiki, tana yi mini faɗa in na ƙi ci. Ba ta taɓa ce mini in yi haƙuri ba. Labarin uwar sarki ta ba ni, kuma a nan na fara jin sa.

Wannan shi ne labarin da ta fi so, ta ba da shi ya fi a ƙirga. Matar 'yar mai kula da karnukan fada ce, sarki ya aure ta a ƙarshen rayuwarsa. Da ya mutu aka yi ta kashe-kashe a kan gadon sarauta, har ya faɗo kan ɗanta yana shekara biyar. Sai ta fito daga bayan labule ta riƙe mulki a madadinsa. Ita ke zaman fada, ita ke tsayawa gaban sojoji ta yi musu magana ido da ido, manyan hafsoshi masu gemu suna sunkuyar da kai. Da Turawan Ingila suka ci ƙasar da yaƙi, sun gane ba yaron ne abin tsoro ba, uwar ce. Suka raba su yana shekara tara, suka kulle ta a wata ganuwa mai nisa. Ta sa tufafin baiwa ta fice ta gaban masu gadi, ta bi daji da duwatsu har ƙasar Nepal. Shi kuwa suka tafi da shi ƙasarsu, suka canza masa addini, suka aske masa gashi. Sai bayan shekara goma sha uku aka bar su suka haɗu, ta tsufa, ido ya kusa tafiya. Ta kai hannu ta shafa kansa, ta ji babu gashin da ta bari, ta fashe da kuka.

A nan Habboba ke tsayawa kullum, hannunta a sama kamar kan yana gabanta. A littafi akwai sauran labari, amma ita ba ruwanta da shi. A kwana na takwas na ce mata kukan baƙin ciki ne matar ta yi. Ta ce a'a, ni yarinya ce, ban san komai ba.

"Ta taɓa kan, 'yar nan. Da gashi ko babu gashi, ta taɓa."

Sannan, tana kallon bango, ta ce ita ma akwai wani yaro. Da mijinta ya rasu, 'yan'uwansa suka ce ɗa na dangin uba ne, suka ɗauke shi yana shekara tara. Ta kai ƙara wurin manya, ta yi rashin kunyar da ba a saba ji daga bakin mace ba, aka ce ta haukace. Suka bar garin da shi. Ta bi sawu har Khartoum, ta koma ƙauye sau biyu, ta aika saƙo ya fi goma, shiru. Na ce mene ne sunansa, mu sa a nema. Ta juyo da fuska kamar na zage ta. Ɗan fari ne. Ita irin matan da ce, har ta mutu bakinta bai furta sunan ɗan fari ba, bai furta na miji ba. Ta ce mini in sha kununa, kuma ba ta sake tayar da maganar ba.

Yanzu sai faɗanmu. Na daɗe ina jin haushin labaran nan a raina, musamman da na shiga shekarar ƙarshe kaina ya cika da karatun aƙida. Wata Alhamis na hau na tarar ta tara 'yan matan da suka gudo wa yaƙi daga Omdurman, tana ba su labarin uwar sarki, sun buɗe baki. Sai na ce, a gabansu, bai kamata a riƙa cika wa 'ya'yan Musulmi kunne da jaruntar waɗanda ba su yi imani ba. Na ce na karanta cewa sojojin sarakunan nan har dawakai suka ɗaure a harabar babban masallacin Lahore, kuma muna da namu matan a tarihi da suka fi su. Na yi maganar da muryar da nake amsa tambayar malamai, har da jawo nassi.

Ta bari na gama tsaf. "Ustaza," in ji ta, kuma in ta kira ni haka na san babu daɗi, "na sallaci asuba kafin a haifi uwarki. Ban ce ki bi addininsu ba. Matar da na wanke wa ƙafa shekara ashirin ba ta taɓa barin a dafa abin da ba na ci a tukunyar da nake ci ba, kuma in lokacin salla ya yi ita ke tuna mini. Uwa na nuna muku, ke kika ga masallaci. Yalla, sauka ki sha iska."

'Yan matan suka ƙunshe dariya, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Na sauka na rantse a raina sai ta neme ni. Washegari na zo na zauna a bakin ƙofa da littafina, don kada a ce na bar aikin lada, amma da la'asar ta yi na sa shi a jaka na tafi gida. Haka na yi Juma'a biyu.

A Juma'a ta biyun ne wani mutum ya zo, dogo, mai furfura, da farar jallabiya da ta sha hanya da rawani irin na Sudan. Na rubuta sunansa, ya ce daga Omdurman. Ya ci tuwonsa a gefe shi kaɗai. Da ya dawo da kwano sai ya tsaya a kaina, ya ce don Allah ko na san wata mata, ya faɗi suna, 'yar wajen Sinnar, an ce masa tana Masar tun da daɗewa. Ko kai ban ɗaga ba. Na ce ban sani ba, Alƙahira ba ƙauye ba ce. Ya ce haka ne. Sannan ya tambayi wanda ya yi miyar. Na ce Habboba ce ke sa hannu, tana sama, kuma maza ba sa hawa. Ya ce a gaishe ta, Allah ya saka mata, ya tafi.

Ita ta neme ni, kamar yadda na so. Ta aiko mini da ƙullin daddawa da saƙon cewa kunnenta ya yi kewar muryar Ustaza. Na hau, na durƙusa, na ba ta haƙuri, ta ce ma'alish, ya wuce, ta ja kumatuna. Da la'asar na buɗe littafi a sabon shafi na karanta mata mutanen ranar. Da na rufe ta ce, "Na sati biyun nan fa?" Kunya ta kama ni, ban so a koma kan kwanakin da na yi fushi, ga shi ina sauri in je in yi bitar jarrabawa. Na ce ai babu baƙi sosai, duk mutanen da ne. Ta ce to, a kawo shayi. Wata biyar ke nan kafin rasuwarta.

Sunan da mutumin nan ya tambaye ni shi ne a takardar izinin binnewa.

An kai ta bayan la'asar. Ban faɗa wa kowa ba, har mijina. Littafin yana jakata, na san shafin, amma sai da na kwana na wuni ban iya buɗe shi ba, ina ta gaya wa kaina mata nawa ne masu irin wannan suna a wajen Sinnar. Ranar Laraba da yamma na kira lambar. Ya ɗauka cikin ƙarar injin, yana aikin gini a Iskandariya. Na ce ni ce mai littafi ta Hay el-Sabi', na tambaye shi matar da yake nema mece ce tasa. Ya ce mahaifiyarsa ce. Na tambayi sunan ƙauyen, ya faɗa. Daga nan ban san yadda na harhaɗa sauran maganar ba.

Ya iso ranar sadakar uku da hantsi, a jirgin ƙasa na farko. Maza suka tashi suka ba shi wuri, wanda ya ce ba ta da kowa shi ya fara miƙa masa hannu. Dattijon Ma'adi ya sake zuwa, ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya daɗe bai saki ba. Bayan an yi addu'a ya ce yana so ya ga ɗakinta. Wannan karon babu wadda ta ce maza ba sa hawa. Mijina ya raka shi, ni ina biye da littafi.

Ya zauna a ƙasa kusa da gadon. Ya ce tun yana yaro aka gaya masa ta gudu ta bar shi don son duniya, ya girma da wannan a ransa, saƙonta biyu sun iso shi ya ƙi amsawa. Sai da ƙaramin baffansa ya zo mutuwa, ana tsakiyar yaƙi, ya faɗa masa gaskiya. Ya ce ranar da ya ci miyar nan sai da ya kasa haɗiye loma ta farko, amma ya ce wa kansa duk miyar tsofaffi ɗaya ce. Sannan ya tambaye ni, ba tare da ya dube ni ba, ko ta taɓa ambatonsa.

Na ce, "Baba, ba ta taɓa faɗin sunanka ba, ko sau ɗaya."

Ya gyaɗa kai. "Ni ne na fari," in ji shi.

Na ce amma ta yi ta ba da labarinsa, sai dai ta sa masa rigar wani. Na ba shi labarin uwar sarki yadda take bayarwa, da fitowa daga bayan labule, da ganuwa, da tufafin baiwa, da shekara goma sha uku. Ni da na ce kada a ƙara faɗinsa a ɗakin nan, ni na faɗe shi, kuma na tsaya inda take tsayawa. Daga nan na gaya masa sauran, faɗanmu, da Juma'a biyu, da tambayar da ta yi mini da amsar da na ba ta. Ban rage komai ba. Na so ya zage ni, da na samu sauƙi.

Bai zage ni ba. Ya daɗe yana kallon sandarta da ke jingine a bango, sannan ya tambayi yadda nake karanta mata. Na nuna masa inda take zama, da inda nake zama, da abin da take cewa bayan kowane suna. Ya ce to in karanta shafin.

Na zauna a wurina na buɗe. Suna goma sha huɗu ne a shafin. Na fara daga sama, ina barin ɗan tsakani bayan kowanne kamar yadda na saba, tsakanin yana wucewa babu mai cike shi. Nasa ne na tara. Na faɗe shi da ƙarfi, da na mahaifinsa, sunaye biyun da ta yi shekara arba'in da wani abu tana riƙe da su a bayan haƙora.

"Na'am," in ji shi.

Ya warware rawaninsa ya ajiye a gefe. Kansa fari fat, tsakiyar duk ta zube. Ya sunkuya ya ɗora goshi a bakin gadon ƙarfen, daidai inda gwiwarta ke kasancewa, ya tsaya a haka yana jira. Maƙwabciya Bamisriya ta toshe bakinta da mayafi ta fita. Ban karanta sauran biyar ɗin ba.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo maKa, ta ciyar da baƙi, ta rufa wa waɗanda ba ta sani ba asiri. Ka yafe mata, Ka haskaka kabarinta, Ka mayar mata da idonta. Abin da na hana ta da fushin sati biyu, Kai kaɗai ke da ikon biyan ta. Ka haɗa ta da yaron a inda ba a raba uwa da ɗa, Ka bar ta ta taɓa kan.